Talotalon Ingila da Gubar da Ke Cikin Buhun Gyada

A shekarar 1960, makiyaya kaji a kudanci da gabashin Ingila suka wayi gari 'ya'yan talotalonsu suna ƙin abinci, suna sanƙarewa, suna mutuwa cikin kwanaki kaɗan. Kafin shekara ta ƙare an yi asarar sama da 100,000. Likitocin dabbobi sun nemi ƙwayar cuta mai yaɗuwa ba su samu ba. Da aka rasa sunan da za a ba abin, sai aka riƙa kiransa cutar X ta talotalo.

Abin da ya fara buɗe hanya shi ne abincin. An lura cewa gonakin da annobar ta afka wa sun yi tarayya a abu guda, wato tunkuzar gyada da aka shigo da ita daga Brazil ana cuɗa ta cikin abincin dabbobi. Ba a daɗe ba kuma rahotanni suka nuna ba talotalo kaɗai abin ya shafa ba. 'Ya'yan agwagi sun mutu, maruƙa sun kwanta, haka ma aladu. A 1961 likitocin dabbobi suka bayyana yadda hantar aladun da suka ci wannan tunkuza ta lalace. Ko wace dabba aka feɗe, a hanta ake tarar da ɓarnar.

Aladu kam sun riga talotalo yin gargaɗi. Tun farkon shekarun 1950 aka yi asararsu a kudu maso gabashin Amurka bayan sun ci masarar da ta yi fumfuna a gona. An zargi fumfunar, amma ba a kai ga ware gubar ba, zancen ya tsaya a mujallun likitocin dabbobi. Sai da asara ta taɓa babbar kasuwa, a ƙasar da ke da ɗakunan bincike, aka bi sawun abin har ƙarshe.

Masana a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Weybridge da Cibiyar Nazarin Amfanin Gona na Ƙasashe Masu Zafi da ke Landan suka haɗa hannu. A lokacin 'ya'yan agwagi na mutuwa a Kenya da Uganda da alamu iri ɗaya, kuma daga gyadar Uganda aka ware mai laifin a 1961: fumfuna mai suna Aspergillus flavus, wadda ke zaune a cikin ƙasa, take son zafi da danshi. Daga sunanta aka ƙago wa gubar suna aflatoksin a 1962. An rarrabe nau'o'inta huɗu, B1 da B2 da G1 da G2, bisa launin shuɗi ko kore da suke bayarwa a ƙarƙashin fitilar gwaji. B1 ce mafi muni.

Ɓeraye ne suka mai da batun daga matsalar makiyaya zuwa matsalar ɗan Adam. A 1961 masu bincike na kamfanin Unilever suka ciyar da ɓerayen gwaji wannan tunkuza na kimanin wata shida. Ba su mutu nan take kamar talotalo ba, amma mafi yawansu sun kamu da sankarar hanta. Wannan ya nuna gubar tana kisa ta hanya biyu: mai yawa ta kashe cikin kwanaki, 'yar kaɗan kuma ta yi ta cin hanta a ɓoye. Daga baya aka gano saniyar da ta ci gurɓataccen abinci tana fitar da wani nau'inta, M1, a cikin madara. A 1987 hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa aflatoksin cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga mutum, kuma haɗarin yana ninkuwa sosai ga mai ɗauke da ciwon hanta nau'in B.

Labarin ya iso Arewacin Nijeriya da wuri, domin a wancan zamani dalar gyada na tsaye a Kano, Turai kuwa ita ce babbar mai saye. A shekarun 1960 masanan cibiyar binciken aikin gona ta Samaru suka nuna cewa gyadar da kwasfarta ta fashe, ko wadda aka yi jinkirin busarwa bayan cira, ita ce gubar ta fi kamawa.

Ƙasashen da ke saye suka kafa iyaka. Tarayyar Turai ba ta yarda gubar ta wuce kashi 4 cikin biliyan ɗaya a gyadar ci ba. Amurka ta tsaya a 20 ga mutum, ta yarda da 200 ga aladun da ake ƙosarwa don yanka. Ƙa'idar ta kare mai saye, amma ba ta ce komai ba game da buhun da aka ƙi. A kan tsince mai kyau a fitar waje, ragowar ta koma kasuwar gida, ta zama mai da ƙuli-ƙuli da abincin kaji. Tafasa ko suya ba sa kashe gubar.

Inda babu awo, gawa ce ke ba da labari. A 1974 gurɓatacciyar masara ta kashe mutum sama da 100 a yammacin Indiya. A 2004 a gabashin Kenya mutum 317 suka kwanta, 125 suka rasu.

Magani ya samu, ko da bai kai ko'ina ba. Cibiyar IITA ta Ibadan ta samar da Aflasafe, ƙwayar dawa da aka lulluɓe da dangin fumfunar marasa guba, a watsa a gona su rinjayi masu gubar. Sauran kuwa tsohon sani ne: cira a kan kari, shanya a kan tabarma ba a ƙasa ba, tsince ruɓaɓɓu, da rumbun da danshi ba ya shiga. Shekara sittin da ɗoriya bayan mutuwar talotalon Ingila, ana auna abincin aladen Amurka kafin ya ci, alhali mudun gyadar da uwa za ta dama wa ɗanta kunu da ita ba wanda ya auna.