Ba kullum ne laifin netwok ba

'Yan uwa ɗalibai, musamman mutanen sashen kwamfuta, ku ɗan ba ni hankalinku. A nan Kontagora, daga shagunan kafe har cibiyoyin jarrabawar kwamfuta, da zarar na'ura ta tsaya cak sai kowa ya ce "netwok ne". Wani lokacin gaskiya ne. Amma sau tari jinkirin yana cikin na'urar kanta, a ɓangaren da ake kira kanel, wato zuciyar Linux ko Windows ko Android, wadda ke raba wa ayyuka lokaci: wane ya shiga yanzu, wane ya jira. A karatun digirina na biyu na bi tarihin kayan da ake gano wannan jinkirin da su, kuma labarin da ya fi kama ni ba a duniyar nan ya faru ba.

Ranar 4 ga Yuli, 1997, kumbon Mars Pathfinder na hukumar NASA ya sauka a duniyar Mars. Bayan 'yan kwanaki sai kwamfutarsa ta riƙa kashe kanta tana sake tashi. Ga abin da ke faruwa: wani ƙaramin aiki mai tattara bayanan yanayi ya riƙe makullin wata hanya, babban aiki mai gaggawa yana jiran makullin, su kuma matsakaitan ayyuka sun hana ƙaramin samun damar gamawa ya saki. Kamar a ce gwamna na tsaye a ƙofa, masinja ne ke da makulli, darektoci kuma sun tsare masinjan da aike. In jiran ya yi tsawo, agogon tsaro ya ɗauka an samu matsala, sai ya sake kunna komai. Injiniyoyin JPL ba canka suka yi ba. Suna da kwafin kumbon a ɗakin gwaji, suka kunna bin sawu a tsarin VxWorks, suka bar shi yana gudu har matsalar ta maimaita kanta, suka karanta jerin abin da ya faru. Gyaran ma daga nan ƙasa suka aika shi.

A lokacin irin wannan bin sawun sai manyan wurare. A 2005 kamfanin Sun ya fito da Solaris 10 tare da DTrace, aikin Bryan Cantrill da Mike Shapiro da Adam Leventhal, wanda ya ba da damar yi wa kanel tambaya yana tsaka da aiki, ba tare da an kashe na'ura ba. A ganina nan ne aka yi babban tsalle. Mutanen Linux suka biyo baya: a 2008 Arjan van de Ven na Intel ya fitar da LatencyTOP, mai nuna maka wane aiki ne ke jira kuma me yake jira, ko faifai ko makulli. A shekarar dai ftrace na Steven Rostedt ya shiga Linux 2.6.27, sai perf a 2009. A 2014 eBPF ya iso, wanda asalinsa matatar fakitin intanet ce da Steven McCanne da Van Jacobson suka ƙirƙira tun 1992.

To, abin da zai ba ku mamaki, wayar da kuke karanta wannan rubutun da ita, in dai Android ce, kanel ɗin Linux ne a cikinta, da ftrace ɗinsa. Daga Android 9 wayoyi da yawa suna da System Tracing. Ku shiga saitin waya, ku taɓa Build number sau bakwai, sashen masu haɗa manhaja zai buɗe. Ku kunna naɗa, ku buɗe manhajar da ke yawan daskarewa, ku tsayar, sannan ku duba fayil ɗin a Perfetto. Masu neman taken furojet na ajin ƙarshe, wallahi akwai aiki a nan, kuma waya mai araha ta isa a fara.