Daga Ganɗoki Zuwa Kratos: Yadda Jarumin Girkawa Ya Iso Darki

Ranar kasuwar Darki, idan rana ta yi sanyi ka raɓa rumfar masu cajin waya, da wuya ka rasa gungun samari sun haɗa kai wuri guda kamar masu rabon gado. Mutum ɗaya ne ke riƙe da wayar, sauran duk 'yan ba da shawara ne. "Kauce masa mana!" "Kai, jininka ya kusa ƙarewa!" "Wannan bos ɗin sai ta baya ake cin sa." A fuskar wayar kuwa wani ƙato ne mai ƙwaryar molo, jikinsa fari fat kamar wanda ya yi birgima a murhu, jan zane ya ratsa masa ido, yana wulwula wasu wuƙaƙe biyu da aka ɗaure masa a hannuwa da sarƙa. Sunansa Kratos, wasan kuma God of War. Da yawa daga cikin masu yi masa ihu ya girme su.

A watan Maris na 2005 ya fito, daga wani reshen kamfanin Sony da ke Santa Monica a jihar Kalifoniya ta Amurka a lokacin, ƙarƙashin jagorancin David Jaffe. Daga tatsuniyoyin Girkawan dauri aka tsamo labarin. Kratos sarkin yaƙi ne na birnin Sparta. Da abokan gaba suka ritsa shi, sai ya miƙa wuya ga Ares, gunkin yaƙi na Girkawa, don ya cece shi. Ares ya cece shi, ya mai da shi bawansa, daga baya ya yaudare shi har ya kashe matarsa da 'yarsa da hannunsa. Tokar gawarsu ce ta manne masa a fata, abin da ya sa yake fari ke nan. Sauran labarin ramuwar gayya ce: ya kashe Ares a kashi na farko, aka ci gaba a na biyu a 2007, a na uku kuma, a 2010, ya gama da Zeus, babban gunkin Girkawa, wanda ashe shi ne ubansa.

Wasan ya shigo ƙasar Hausa ne ta gidan gem. Duk wanda ya tashi a Kano ko garuruwan kewayenta a shekarun 2000 ya san fasalin wurin: shago ɗaya, benci biyu ko uku, talabijin mai ƙeya, ƙaramin janareto a bakin ƙofa yana tari, da PlayStation 2 ta hannu wadda ta gama aikinta a Turai kafin ta sauka a kasuwar Sabon Gari. Na'urar ta fito a Japan a shekarar 2000, an kuma sayar da fiye da miliyan 150 a duniya, shi ya sa tsofaffinta suka wadata har suka kai ƙauyuka. Sai dai a faɗi gaskiya, a gidan gem ƙwallo ce sarauniya. Wasan ƙwallo minti kaɗan ne, mutum biyu ke biya, wanda aka ci ya tashi, kuɗi na shigowa. God of War kuwa na mutum ɗaya ne, labarinsa na cin sa'o'i, ga NEPA na iya ɗauke wuta kana tsakiyar faɗa da bos ba ka adana inda ka tsaya ba. Mai gidan gem bai cika son sa ba sai lokacin da ciniki ya ja baya.

Wanda ya fito da Kratos daga shago ya saka shi a aljihun kowa wani ɗan ƙasar Siwidin ne, Henrik Rydgård. A 2012 ya saki wata manhaja kyauta mai suna PPSSPP, wadda ke sa wayar Android ta karanta wasannin PSP, ƙaramar na'urar hannu ta Sony. An yi dace akwai God of War guda biyu da aka yi wa PSP ɗin: Chains of Olympus na 2008 da Ghost of Sparta na 2010. Daga nan 'yan dawunlodin suka karɓi aiki. Yadda suke tura finafinan Indiya na fassarar Hausa da waƙoƙi, haka suke tura gem, wanda ya samu kuma ya tura wa abokinsa ta Xender ba tare da ko sisin data ba. Kratos ɗin da ake bugawa a rumfunan caji na Darki, Lajawa ko Utai yawanci wannan ne.

Wanda duniya ta fi yabawa kuwa daga baya ya zo. A ranar 20 ga Afrilu, 2018, aka saki sabon God of War a PlayStation 4, Cory Barlog ya jagoranci aikin. A nan Kratos ya manyanta, ya tara gemu, ya bar ƙasar Girka ya koma can arewacin Turai cikin dusar ƙanƙara. Makaminsa gatari ne da idan ya jefa sai ya kira shi ya dawo hannunsa. Matarsa ta biyu ta mutu, ta bar wasiyyar a watsa tokarta daga kan tsauni mafi tsawo (ƙona gawa al'adarsu ce, mu dai sai mu ce Allah Ya kyauta), shi ne ya kama hanya da ƙaramin ɗansa Atreus, suna ratsa ƙasashen dodanni da mayu. An tsara hoton ta yadda kyamara ba ta yankewa tun daga farko har ƙarshe. A Disamban shekarar ya lashe kambin gwarzon wasan shekara a bikin The Game Awards, ya doke Red Dead Redemption 2, zuwa ƙarshen 2022 kuma an sayar da fiye da kwafi miliyan 23. Ci gabansa, Ragnarök, ya sayar da sama da miliyan 5 a makon farko.

Da na ga wannan uba da ɗansa, wani littafi ne ya faɗo mini a rai. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, yayan Imam ɗin. Ganɗoki barde ne na Kwantagora a zamanin Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Ya gwabza da Turawa, da ƙasa ta ci tura ya yi gabas, kuma ba shi kaɗai ya tafi ba, yana tare da ɗansa Garba Gagare. Daga nan labarin ya bar tarihi ya faɗa duniyar aljannu, yaƙi bayan yaƙi, kirari bayan kirari. Tsohon mayaƙi mai zafin zuciya, ɗa a gefensa yana koyon yaƙi, ƙasashen da ba na mutane ba: abin da ya burge alƙalan The Game Awards a 2018 ɗaliban elementare sun karanta irinsa tun 1934. Ban ce wani ya kwaikwayi wani ba, Barlog bai san hanyar Kagara ba. Abin da nake nufi shi ne yaron Darki bai buƙaci tafinta ba kafin ya gane Kratos. Kunnensa ya saba da Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da littattafan yaƙi irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini waɗanda yayyensa suka riƙa haya a shagunan littattafai.

Akwai bambanci guda da bai kamata a tsallake ba. Ganɗoki Musulmi ne mai yaƙi da matsafa, duniyar Kratos kuwa ta gumaka ce zalla. Na lura ba wanda ke fassara sunan wasan zuwa Hausa, don ba zai yi daɗin faɗa a bakin Musulmi ba. Samarin sun sama wa kansu mafita, kowane gunki bos ne kawai, kamar mugun fim ɗin Indiya. Abin da ya fi damuna shi ne jini da tsiraici, musamman a tsofaffin kashin. Hukumar tantance wasanni ta Amurka, wadda aka kafa a 1994 bayan Majalisar Dattawan ƙasar ta zauna kan ta'asar da ke cikin Mortal Kombat, ta ware God of War ga 'yan shekara 17 zuwa sama. A jikin kwali ake buga wannan gargaɗi, gem ɗin da aka tura ta Xender kuwa ba shi da kwali. Hukumar tace finafinai ta Kano, da aka kafa a 2001, hankalinta ya fi karkata ga fim, waƙa da littafi. Saura ya rage ga uba da yaya su leƙa wayar ɗan shekara goma.

Wasu 'yan asalin Afirka sun riga sun gwada yin nasu gem ɗin. A 2016 kamfanin Kiro'o Games na birnin Yawunde a Kamaru ya fitar da Aurion. A 2024 Abubakar Salim, ɗan wasan kwaikwayo na Ingila mai tushe a Kenya, ya fitar da Tales of Kenzera: ZAU, wanda ya gina kan tatsuniyoyin Bantu don tunawa da mahaifinsa, har da muryoyin Suwahili a ciki.

Daga Darki zuwa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Ɗangote da ke Wudil ba wata tafiya ba ce, kuma ana koyar da ilimin kwamfuta a can. 'Yan'uwa ɗalibai masu neman abin da za su yi aikin kammala karatu a kai, ku nemi Ganɗoki ku karanta. Siririn littafi ne, zama ɗaya ya isa.