Fijo 504 Ba Mota Ɗaya Ba Ce

'Yan uwa, a wannan makon za mu waiwayi motar da kowa ya sani amma kaɗan suka san rabe-rabenta, wato Peugeot 504, wadda muke kira Fijo. Duk mai son farfaɗo da tsohuwarta ta koma yadda ta fito daga masana'anta, dole ya fara sanin wacce ke hannunsa, domin motoci da dama ne suka sha wannan suna.

An fara nuna 504 a Faris a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Ta farkon tana da inji mai cc 1796, sandar giya a jikin sitiyari, birki mai faifai a ƙafafu huɗu, kuma kowace ƙafar baya tana motsi ita kaɗai. A 1970 aka ƙara girman injin zuwa cc 1971. A 1971 doguwar wagon ta fito, wadda ta cika tashoshin motarmu. Ita kuwa ƙarfe guda ne ya haɗa ƙafafunta na baya, saboda ɗaukar kaya. A 1973 aka fitar da 504 L mai rahusa, da ƙaramin injin nan da ƙarfen baya guda da birkin baya mai ganga. Daga baya a-kori-kura ta biyo. Waɗanda aka kai Amurka kuma fitilu huɗu zagayayyu gare su, maimakon biyun nan masu kusurwa da muka saba gani.

Bayan shekara, akwai batun inda aka haɗa motar. Masana'antar Peugeot da ke Kakuri a Kaduna ta fara aiki a 1975. Faransa ta daina ƙera salun ɗin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da haɗa ta fiye da shekara ashirin bayan haka, Ajantina ma ta yi tata har 1999. Saboda haka ba daidai ba ne a auna 'yar Kaduna ta shekarun 1990 da hoton 'yar Faransa ta 1969. Kowacce da nata asalin.

Abin da ya fi rikita masu gyara shi ne kayan Fijo suna shiga juna. Injin 504 ɗan gida ɗaya ne da na 404 da ta riga ta fitowa a 1960, kuma 505 ta 1979 ta gaji mai cc 1971. Wannan ne ya sa motar ta daɗe a hannun direbobi, don bakanike zai leƙa Panteka ko Ƙofar Ruwa ya samo abin da zai zauna, gobe a kama hanya. Sai dai abin da ya zauna daban, na asali daban. Motar da ta yi shekara arba'in tana irin wannan gyara takan zama haɗin gambiza, bodi na wata shekara, inji na wata, kujeru na wata.

Mai gyaran da ya san aikinsa daga lamba yake farawa, fenti sai daga ƙarshe. Zai buɗe murfin inji ya karanta farantin masana'anta da lambar shasi. Zai duba harufan injin, domin XM na nufin cc 1796, XN kuma cc 1971. Zai durƙusa ya kalli ƙafafun baya ya ga ko sun dace da abin da farantin ya ce. Sannan ya nemo littafin kayan gyara na wannan shekarar ya riƙa gwada lambar kowane abu kafin ya saya. Duk abin da ya cire zai adana shi, don tsohon hannun ƙofa mai tsatsa na iya zama shaidar da ta rage.

Kullum masu sayen gwangwani suna yanka waɗannan motoci a kan kilo. Faransa tana da gidan tarihin Peugeot a Sochaux da ke adana nata. Tarihin 'yar Kaduna kuwa mafi yawansa yana jikin motocin da suka saura da kuma kawunan tsofaffin ma'aikatan Kakuri da makanikai. Idan akwai ɗaya a garejin gidanku, ku ɗauki hoton farantinta, ku rubuta abin da Baba ya tuna game da ita tun kafin a taɓa ta.