Daga Karofi zuwa Jami'a: Tarihin Koyon Aikin Tufafi

A kowace shekara idan sakamakon JAMB ya fito, mukan ji ƙorafi iri ɗaya a nan Sabo: yaro ya nemi likitanci ko lauya, an ba shi fannin zayyanar tufafi, uba ya ce ai ba zai biya kuɗin makaranta ɗansa ya koyo rini ba. Kafin mu yanke wa yaranmu hukunci, ya kamata mu waiwayi inda wannan ilimi ya fito.

Tufa ce ta fitar da sunan Kano duniya. Ana danganta kafa karofin Ƙofar Mata da shekarar 1498. Da Bature Barth ya shiga Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a can suna kaiwa Timbuktu, Ghat, Murzuk har Tarabulus. Turkuɗin Kura kuwa, shi Buzaye ke naɗawa.

A wancan zamani makarantar ita ce gidan sana'a. Mata su gurza auduga su kaɗa zare, masaƙa su saƙa, marina su haɗa baba da toka da katsi a rami har ya nuna, 'yan bugu su buge tufa ta yi ƙyalli. Yaro yakan yi shekaru yana tsoma tufa, yana ganin yadda take fitowa kore, iska ta mai da ita shuɗi, kafin a yarda ya haɗa nasa ramin. Malamai da almajirai da yawa da allura suka riƙe kansu, suna zana aska biyu da aska takwas a kan riga. Malamanmu ma sun ce Annabi Idrisu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ne farkon wanda ya yi ɗinki.

Da aka kafa Sabon Ibadan a 1916, goro da shanu ne ginshiƙin kasuwarmu, amma ɗinkin hannu ya biyo kakanninmu, kuma har yau Yarbawa na kawo mana agbada a yi musu aiki. Mun kuma tarar da nasu gwanintar: adiren matan Abeokuta, wanda ake ɗaurewa, ko a ɗinke, ko a shafa kullun rogo kafin a rina.

Garin nan ma yana da hannu a shigar sana'ar aji. Sashen zane-zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya ya fara a Ibadan, aka mai da shi Zariya a 1955, ya zama ɓangaren Jami'ar Ahmadu Bello da aka kafa ta a 1962. A tsakanin nan, masaƙar KTL ta Kaduna ta fara aiki a 1957, masaƙu suka riƙa neman masu zana atamfa. Yau ana koyar da fannin a Zariya, da Akure, da kwalejin Yaba a Ikko. Ɗalibi yakan yi shekara huɗu ko biyar, gwargwadon jami'a, ya koyi saƙa, rini, buga zane, haɗa sinadarai da zayyana a kwamfuta, sannan ya fita koyon aiki na wasu watanni.

Gaskiya ne masaƙun sun durƙushe. UNTL ta Kaduna ta rufe a 2007, atamfar Sin ta cika rumfunanmu. Wanda ya yi karatun nan kada ya sa ran takardar ɗaukar aiki na jiransa. Sai dai mu 'yan kasuwa mun san abin da ke faruwa: mu ke sayar da shadda da yadi, amma zanen na wasu ne, kuma ribar mai kauri tana wajen mai zane da mai rini. Jikokin waɗanda suka tufatar da Sahara sun koma dillalan kayan wasu.

Saboda haka idan an ba yaro ko yarinya wannan fanni, mu zauna da su, mu tambayi abin da za a koya musu, har da batun zanen siffar mutum a shekarun farko, wanda ya kamata a nemi fatawa a kai. Lokacin hutu kuma mu haɗa su da tsofaffin masu ɗinkin hannu na unguwa tun suna raye. Allah Ya sa wa neman yaranmu albarka.