Gajiyar da aka daɗe ana ƙaryatawa

A 1955 wata cuta ta kwantar da ma'aikata kusan 300 na asibitin Royal Free da ke Landan, har aka rufe shi. Zazzaɓin ya wuce, amma wasu suka kasa murmurewa: gajiya, ciwon jiki, mantuwa. A 1969 hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa cutar cikin cututtukan jijiyoyi. Duk da haka, a 1970 likitoci biyu suka rubuta cewa firgita ce kawai ta bazu tsakanin ma'aikatan.

Daga baya aka riƙa umartar majinyata da ƙara motsa jiki sannu-sannu. Da yawa suka koka cewa hakan na ƙara kwantar da su. Sai a 2021 hukumar NICE ta Ingila ta janye shawarar, ta ce kowa ya auna ƙarfinsa, ya huta kafin ya galabaita.

Darasin da nake gani gare mu, malamai da iyaye, shi ne: yaron da ya tashi daga ciwo, wata uku yana kasala, kada mu ce masa rago. Mu kai shi likita, mu rage masa aiki, mu saurare shi.