Azara da Iyakarta: Yadda Magabata Suka Auna Rufi da Bene

Galibinmu da muka tashi a tsofaffin unguwannin garinmu mun kwana a ƙarƙashin rufin ƙasa, wasunmu ma sun hau benen ƙasa, ba tare da mun taɓa tambayar abin da ke riƙe da wannan nauyi a bisa kawunanmu ba. Yau da yawa daga cikinmu muna zaune a Kano, Kaduna, Abuja ko Legas, muna aiko da kuɗi gida ana yi mana gini. Don haka ya dace mu waiwayi ilimin da maginanmu na dā suka bari game da tazarar da itace zai iya ɗauka tsakanin bango da bango, domin a kan wannan awo rayukan iyalanmu suke kwana.

Ƙashin bayan ginin Bahaushe shi ne azara, wadda ake samu daga giginya. Magina sun fi son namijin giginya wanda ya manyanta, sukan tsaga gangar jikinsa gida-gida, su ɗauki ɓangaren waje mai tauri, su bar tsakiyar mai laushi. Abin da ya ɗaukaka azara shi ne gara ba ta cinta da sauƙi, kuma takan yi shekaru masu yawa a cikin ƙasa ba ta ruɓe ba. Idan an jera ta a kan bango, sai a shimfiɗa zana ko asabari, a ɗora ƙasa, sannan a shafe da makuba ko laso don kare ruwa, a fitar da indararo. Haka ake yin daɓen bene, sai dai shi bayan nauyin ƙasa yana ɗauke da mutane da kayansu.

Nauyin kuwa ba na wasa ba ne. Ƙasa mai kaurin santimita 15 a kan murabba'in mita ɗaya ta haura kilo 200, idan ta sha ruwan damina kuma ta ƙara. Da dogon gwaji magina suka tsayar da ƙa'ida: azara ita kaɗai ba ta wuce tazarar ƙafa 6, wato kimanin mita 1.8. In an wuce haka sai ta fara lanƙwasa, ruwa ya kwanta a tsakiyar rufin, ƙasa ta jiƙe, nauyi ya ƙaru, wata rana a wayi gari ɗaki ya rufta. Wannan ne dalilin da ya sa tsofaffin ɗakunan talakawa suke da tsawo amma ba su da faɗi.

To, yaya suka yi da zaurukan sarakuna da masallatai? Ba su tilasta wa azara abin da ya fi ƙarfinta ba, sai suka nemo dabarun rage mata tazara. Ta farko ita ce tauyi: a dasa gajerun azara a saman bango su ɗan leƙo cikin ɗaki daga kowane gefe, a ɗora doguwar a kansu. Da wannan faɗin ɗaki yakan kai kimanin mita 2.7. Ta biyu ita ce a gitta azara a kusurwoyin ɗaki, ta yadda ramin da ya rage a tsakiya zai ƙanƙance. Ta uku ita ce ginshiƙi, wanda ke raba fili gida biyu ko huɗu.

Amma dabarar da ta fi kowacce ita ce baka. Magini yakan fara da kafa azara a jikin bango daga ɓangarori biyu, ya ɗaure da igiya, ya lulluɓe da ƙasa, ya bari ta bushe. Sannan ya ƙara wani hawa wanda ya fi na farko karkatowa ciki, haka dai hawa bayan hawa har ƙafafun biyu su haɗu a sama. Idan bakuna suka gitta juna a tsakiyar ɗaki, shi ne ake kira ɗaurin guga, kuma sau da yawa akan manna tasa a mahaɗar don ado. Mai kallo yakan ɗauka kwalliya ce kawai. Alhali aikin bakunan shi ne su yanyanka rufin zuwa ƙananan gidaje, kowane gida bai wuce abin da azara za ta iya ɗauka ba. Ta haka ɗaki ya ninka faɗinsa sau uku ko fiye, ƙa'idar ƙafa 6 kuma tana nan daram.

Babban abin misali shi ne Masallacin Juma'a na birnin Zariya, wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya auna wannan masallaci da wasu gine-ginen ƙasar Hausa, aka wallafa aikinsa a juzu'i uku a 1990, bayan rasuwarsa. Wannan ilimi bai tsaya a ƙarni na 19 ba. A ƙauyen Yama da ke yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar, magini Falke Barmu ya fara gina masallacin Juma'a da ƙasa a 1962, ya ƙara masa bakuna da ƙubba a 1975, aikin kuma ya sami lambar yabo ta Aga Khan a 1986.

Sauyi ya fara ne bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Kwano da siminti da katakon da aka yanka a kudu suka riƙa shigowa, sannu a hankali kafinta ya karɓi aikin da magini ke yi. Giginya ta yi ƙaranci saboda sara ba dashe, ga ta da jinkirin girma. Abin takaici shi ne mun karɓi sabon itace amma mun bar tsohon awo a baya. Yau mai gida yana birni yana son falo mai faɗi kamar wanda ya gani a Abuja, kafinta kuma yana son ya rage kuɗin kaya, sai a miƙa tubaifo ɗanye a tazarar da ta fi ƙarfinsa.

Lissafin injiniyoyi na yau ya gaskata magabata. Idan aka ninka tazara sau biyu, wahalar da katako ke sha a tsakiyarsa takan ninka sau 4, lanƙwasarsa kuma sau 16. Idan kuwa aka ninka zurfin katakon daga sama zuwa ƙasa sau biyu, ƙarfinsa yakan ninka sau 4, taurinsa sau 8. Shi ya sa ake ɗora katako a kan gefensa siriri, domin tubaifo a tsaye ya ninka na kwance ƙarfi. Shi ya sa kuma ake jera katakan daɓen bene kusa da juna, yawanci santimita 40 zuwa 60 tsakaninsu. Sannan katakon kasuwa bai da kariyar azara, dole a busar da shi, a shafa masa maganin gara.

Saboda haka, 'yan uwa, duk wanda zai aika da kuɗin rufi ko na bene, ya tambayi abu uku kafin a buga ƙusa: nawa ne faɗin ɗakin, wane girman katako za a sa, kuma me zai tallafe shi a tsakiya? In ɗakin ya yi faɗi, a sa ginshiƙi ko babban bim, kamar yadda magabata suka sa tauyi da baka. In bene ne, a nemi injiniya ya yi lissafi, domin kuɗin da za a ba shi bai kai na jinya ba. Haka kuma tsofaffin maginan da suka rage a garinmu sun cancanci mu zauna da su, mu rubuta awonsu da sunayen dabarunsu tun suna raye, mu kuma kula da sorayen da iyayenmu suka bar mana kafin damina ta gama da su.