Gigin Tsufa Yana Da Tarihi

Duk wanda ya tashi a karkarar arewacin Kano, daga Ungogo da Minjibir har zuwa Ɗambatta da Bichi, ya san irin tsohuwar nan. Za ta ba ka labarin farin 1973 tiryan-tiryan, har da wanda ya sayar da jakinsa a shekarar, amma ka tambaye ta ko ta karya kumallo, sai ta rantse tun jiya ba a ba ta komai ba. Da la'asar sakaliya ta ɗaure ƙunshin kayanta ta ce za ta gidan babanta, wanda ya rasu tun ana kashe fam da sule. Mukan ce gigin tsufa ne, mu lallashe ta ta zauna, mu miƙa mata goro.

Wannan suna ya yi mana rana. Ya raba tsoho da mahaukaci, ya sa ba a kunyar sa. Tsarin zamanmu ma ya taimaka. A 1965 Michael Mortimore da abokin aikinsa Wilson suka wallafa nazarinsu kan ƙasar da ke kewaye da birnin Kano, inda jama'a suka yi kauri, ana noma gona kowace damina ba hutu, jakuna suna kai itace birni suna dawowa da taki. A irin wannan ƙasa babu dajin da tsoho zai ɓace a ciki. Kafin ya wuce gona uku wani ya gane shi ya riƙo hannunsa. A gida kuwa akwai gandu, uba da 'ya'yansa maza suna noma tare, ana ci daga rumbu ɗaya, surukai da jikoki suna karɓa-karɓa wajen kula da wanda ya rikice. Sai dai sunan ya ɓoye mana wani abu: mun ɗauka tsufa ne kawai, alhali kuwa ciwo ne, kuma yana barin tabo a ƙwaƙwalwa.

Wanda ya fara nuna tabon wani likita ne Bajamushe, Alois Alzheimer. A 1901, shekara biyu kafin Turawa su ci Kano, aka kwantar da wata mata mai suna Auguste Deter a asibitin da yake aiki a Frankfurt. Shekarunta 51 kacal, amma tana cikin rubuta sunanta sai ta manta abin da take rubutawa. Da ta rasu a 1906 ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga wasu dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, a cikin ƙwayoyin kuma wasu zarurruka da suka cukurkuɗe. A 1910 maigidansa Emil Kraepelin ya raɗa wa ciwon sunansa. Daga nan aka shafe shekara fiye da saba'in ba a san da me aka saƙa zarurrukan ba.

A 1975, a ɗakin binciken Marc Kirschner da ke Jami'ar Princeton a Amurka, aka gano wani furotin aka sa masa suna tau. Kowace ƙwayar jijiya tana da siraran bututu a cikinta, su ne ƙashin bayanta, su ne kuma hanyar da kayan abinci da saƙo suke bi daga wannan ƙarshe zuwa wancan. Aikin tau shi ne riƙe su, kamar yadda igiyar rama take riƙe karan danga. Jiki yana sassauta ɗaurin ko ya tsananta shi ta hanyar liƙa wa tau ƙwayoyin fosfet ko cire su. Manomi ya san dangin wannan sinadari a takin supa, amma kada a ɗora wa taki laifi, jiki da kansa yake sarrafa nasa. A 1986 Inge Grundke-Iqbal da mijinta Khalid Iqbal suka nuna cewa zarurrukan da Alzheimer ya gani tau ne da fosfet ya yi masa yawa fiye da kima. Idan haka ta faru sai ya saki bututun, ya nannaɗe da 'yan'uwansa, danga ta zube, ƙwayar ta mutu a hankali. A 1991 Heiko Braak da Eva Braak suka bi sawun ɓarnar, suka ga tana farawa ne daga sashen da ke ajiye sabon abu, daga baya ta yaɗu. Shi ya sa iya take riƙe da farin 1973 amma kokon safe ya kuɓuce mata.

Nijeriya ta shiga labarin ta ƙofar Ibadan. A 1992 Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka fara kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Indianapolis da ma'auni ɗaya. Sakamakon 1995 ya nuna masu cutar mantau kashi 2.29 cikin ɗari a Ibadan, kashi 8.24 a can. Tazarar ta sa masana suka koma duba abinci, hawan jini da yanayin zama, ba gado kaɗai ba. A 2011 aka wallafa binciken da aka yi a Zariya kan tsofaffi 322, aka sami kashi 2.79. Adadin ƙarami ne a takarda. A gidan da abin ya faɗa, wata suruka ce ba ta barci.

Akwai wani reshe da ya kamata ya tsaya mana a rai, mu da muke cika filin dambe da kaka. A 2002 Bennet Omalu, likita ɗan asalin Anambra, ya buɗe ƙwaƙwalwar Mike Webster, tsohon ɗan ƙwallon Amurka irin ta karo, ya tarar da tau ya taru saboda yawan bugun kai. Tsohon ɗan damben da ya fara rikicewa tun bai kai sittin ba, mukan ce asiri ne ya juyo masa.

Yau gandun ya yi sirara. Gonaki sun rarrabu da gado, samari suna Kano da Abuja da Legas, birni yana cinye Ungogo fuloti bayan fuloti, tsohon da ya fita yana iya faɗawa titin mota inda ba wanda ya san shi. Tsohuwar da aka tsinta tana sambatu a baƙon gari kuwa, ba wuya a jefe ta da maita. A 2025 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da gwajin jini mai auna tau ɗin da fosfet ya hau. Mu a nan, iyali ba sa nufar asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau sai abu ya gagara. Abin da ke kusa da hannunmu shi ne awon hawan jini, wanda binciken Ibadan ya danganta da cutar, kuma ana yin sa a ƙaramin asibitin ƙauye cikin minti biyu, ranar kasuwa.